Mai gashi ɗaya, tanderu dare da rana: nazarin wani lamari a gidan burodi a Garwa

Gidan burodin da ake magana a kansa yana cikin garin Garwa, a arewacin Kamaru. An sakaya sunansa da na mutanen cikinsa, za a kira kowa da aikinsa. Mutum 22 ne ke cin abinci a wurin: masu kwaɓi huɗu, masu yanka da naɗi shida, masu gashi biyu, shugaban aiki, mai riƙe kuɗi, sai mutum takwas masu kai burodi a kan babur wurin masu shayi da masu shaguna. Maigidan wani Alhaji ne mai harkoki da yawa. Yakan leƙo da safe ya duba lissafi, amma abin da ke faruwa da dare a bakin shugaban aiki yake jin sa.

Dogon burodi suke yi, irin na gram 200, wanda farashinsa a Kamaru ya tashi daga sefa 125 zuwa 150 a shekarar 2022, lokacin da alkama ta yi tsada a kasuwar duniya. Tun daga lokacin masu gidajen burodi suka shiga matse hannu, domin fulawa ta tashi, man injin ya tashi, kuma ba su da ikon ƙara kuɗin burodi yadda suka ga dama. A wannan gidan, da ɗaya daga cikin masu gashi ya bar aiki ya koma garinsu, ba a ɗauki wani ba. Aka ce wa wanda ya rage ya riƙe na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan ya kai wata bakwai.

Abin da ya faru

Mai gashin magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya uku, ya shekara shida a gidan ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe uku na dare, yana tsakar fitar da burodi sai ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, hannunsa ya dafa ƙofar tanderu ya ƙone. Kwana biyu kafin nan ya mari wani yaro mai naɗi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Matarsa ta ce ya fi wata biyu ba ya cin abincin kirki, ba ya wasa da yara, in ya dawo sai ya kwanta ya zuba wa rufi ido.

Fassara uku aka yi wa lamarin, kowa da tasa. Shugaban aiki ya ce ƙwaya ce, domin an ga tiramol a aljihunsa. 'Yan'uwansa suka ce iska ce ko sammu, suka kai shi wurin malami aka yi masa ruƙiyya. Alhaji kuwa cewa ya yi yaron ya lalace, a sallame shi a nemo wani. Malamin da ya yi ruƙiyyar shi ne ya ce su haɗa da asibiti, kuma ya kyauta, domin addu'a ba ta hana magani. Daga asibitin ne aka fara tambayar da babu wanda ya yi a baya: awa nawa mutumin nan yake aiki, kuma yaushe yake barci?

Yadda aka bi diddigi

Ba a tara ma'aikata a gaban Alhaji aka ce kowa ya faɗi damuwarsa ba. In aka yi haka, amsa ɗaya za a samu: lafiya lau, ranka ya daɗe. An zauna da kowane ma'aikaci shi kaɗai, minti ashirin zuwa talatin, a wajen gidan burodin, da alkawarin ba za a kai sunan kowa ba. An duba littafin albashi na wata shida. An kwana a wurin aikin daga kwaɓin farko har fitar babur na ƙarshe, ana rubuta lokacin kowane abu. Wannan kwanan shi ya fi komai amfani, domin akwai abubuwan da ma'aikaci ya saba da su har ba ya ganin sun isa a faɗa.

Da dare ana kwaɓa buhu goma na fulawa mai kilo 50. Kowane buhu, in an zuba masa ruwa kimanin lita 30 da yis da gishiri, yana ba da burodi wajen 320. Ke nan burodi 3,200 a dare. Tanderun yana ɗaukar 200 a zubi ɗaya, kowane zubi kuma da sakawa da gasuwa da fitarwa yana cin kusan minti 25. Zubi 16 ke nan, kusan awa bakwai a tsaye a bakin wuta mai zafin digiri 230 zuwa 250, babu wurin da za a ce ga hutu, domin masu babur suna son su bar gidan kafin kiran assalatu. Mai gashi yana zuwa ƙarfe tara na dare ya ɗumama tanderu, ya tashi ƙarfe shida na safe bayan shara. Sannan ya dawo ƙarfe ɗaya na rana domin burodin yamma, buhu huɗu, ya tashi ƙarfe biyar. Awa 13 a yini, kwana bakwai a mako: awa 91.

Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ƙayyade awa 40 a mako ga ayyukan da ba na noma ba, ta kuma wajabta hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako. Ko a ajiye doka gefe, jikin mutum yana da nasa hukuncin. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasi a 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, idan aka kwatanta da aikin awa 35 zuwa 40. Mutumin nan ya wuce wannan iyakar da awa 36.

Barci

Babban mutum yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Tazarar da mai gashin yake da ita biyu ce: daga bakwai na safe zuwa sha biyu na rana, da kuma daga shida na yamma zuwa takwas na dare. A takarda awa bakwai ne. A zahiri, ɗakinsa na kwano ne, kuma a Garwa zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40. Daga ƙarfe tara na safe ɗakin ba ya kwantuwa. Ga yara, ga hayaniyar gidan haya, ga ɗauke wuta da ke yawaita a bazara idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, fanka ta tsaya. Tazarar yamma kuwa magariba da isha'i da cin abinci ne suka cinye ta. Da aka lissafa da shi da matarsa, barcinsa bai wuce awa uku zuwa huɗu ba, a gutsuttsure.

Wanda ya daɗe a haka, abin da ke fara tafiya shi ne haƙuri, sai natsuwa, sai tunani. Zai riƙa manta ko ya juya faranti, zai riƙa jin ƙaramar magana kamar zagi. Marin da ya yi wa yaron daga nan ya fito. Shi ma tiramol ɗin daga nan ya fito. Ya fara da goro da shayi mai kauri da kofi, da suka daina riƙe shi wani mai babur ya ba shi ƙwaya ɗaya. Na asibiti yawanci miligiram 50 ne, kuma likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ko ga mai ciwo mai tsanani. Na bakin titi kuwa akwai mai 225 a ƙwaya ɗaya. Ya kai yana shan uku a dare. Sananne ne cewa tiramol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, rashin barci kuma yana ƙara sauƙaƙa ta. Shugaban aiki bai yi ƙarya ba da ya ce ƙwaya ce ta kayar da shi. Inda ya tsaya ne bai isa ba, domin ruwa ba ya tsami banza.

Yankan albashi

Da aka tambayi ma'aikatan abin da ya fi damunsu, ba tsawon aiki suka fara ambata ba. Yanka suka ce. Ƙa'idar gidan ita ce duk zubin da ya ƙone ko ya faɗa, a cire kuɗinsa daga albashin mai gashi, a kan farashin da ake ba masu babur, sefa 125. Zubi ɗaya sefa 25,000 ke nan. Albashinsa 70,000 ne, ya ɗan ɗara mafi ƙarancin albashi na sefa 60,000 da gwamnati ta sa a 2023 ga ma'aikatan da ba na gwamnati ba kuma ba na noma ba. Kuskuren minti biyar yana iya tafiya da fiye da kashi ɗaya cikin uku na wahalar wata. A littafin, akwai watan da ya karɓi 45,000, akwai wanda bayan an cire yanka da bashin da ya ci a tsakiyar wata ya tafi gida da 20,000.

Tambayar da ta dace ita ce me ke ƙona burodin. Kwanan da aka yi a wurin ya nuna abu uku, kuma babu ko ɗaya da ke hannun mai gashi. Ma'aunin zafin tanderun ya lalace tun bara, da tafin hannu yake gwada wuta. Idan aka ɗauke lantarki, kafin a tayar da janareta fankar cikin tanderu ta tsaya, zafi ya taru a gefe guda, na baya ya ƙone na gaba bai nuna ba. Na uku ya fi ɓoyuwa. Kwaɓin irin wannan burodi yana son ya fito daga inji da sanyin digiri 24 zuwa 25, shi ya sa ake kwaɓawa da ruwan ƙanƙara a lokacin zafi. Ranar da babu ƙanƙara, kwaɓin yana fitowa da ɗumi, yis ya yi gaggawa, farantan da ya kamata su tashi bi da bi su tashi gaba ɗaya. Tanderu kuwa 200 kawai yake ɗauka. Sauran suna jira har su wuce tashi, in an saka su sai su faɗa. Laifin na firji ne da na wanda bai sayo ƙanƙara ba, amma da yake hannun mai gashi ne na ƙarshe da ya taɓa burodin, shi ake yanka.

Wannan shi ne mafi munin abin da aka tarar a gidan, kuma ya fi tsawon awa illa ga hankali. Tun 1979 wani masani a Amurka, Robert Karasek, ya nuna cewa ba yawan aiki kaɗai ke karya ma'aikaci ba, sai in an haɗa masa nauyi mai yawa da rashin ta-cewa a kan yadda aikin zai gudana. Daga baya Johannes Siegrist a Jamus ya ƙara da cewa wahalar da ladanta bai kai ta ba tana cutar da lafiya. Mai gashin ya haɗa duka biyun. Ba shi ke yanke yawan buhu ba, ba shi ke sayen ƙanƙara ba, ba shi da ikon cewa a dakata da kwaɓi na gaba, amma shi ke biya. Ya ce tun daga la'asar gabansa ke fara faɗuwa, in ya ji fitila ta yi ƙyaftawa sai zuciyarsa ta riƙa bugawa kamar za ta fito. Fargaba ce irin ta wanda ya san za a hukunta shi amma bai san ranar ba, kuma babu abin da zai yi ya kauce.

A doka ma yankan ba shi da madafa. Sashe na 30 na dokar ƙwadagon ya hana mai aiki ya ci ma'aikacinsa tara. Alhaji bai san da haka ba, ya gaji tsarin ne daga wanda ya sayar masa da gidan.

Sai maganar baki. Shugaban aikin ba mugu ba ne, shi ma daga kwaɓi ya taso, kuma shi Alhaji ke tsarewa in burodi ya makara. Amma hanyarsa ɗaya ce, tsawa da gori a gaban yara, har da ambaton bashin da mutum ya ci. Magidanci mai 'ya'ya uku a ce masa matsiyaci a gaban ɗan shekara sha takwas, ba ya mantawa. Kuma babu inda zai kai ƙara, domin ƙofar Alhaji ta bakin shugaban aikin take bi.

Abin da aka yi wa shi mai gashin

A asibiti an yi masa tambayoyi tara na gwajin ciwon damuwa da ake kira PHQ-9, wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 27, daga 10 zuwa sama kuma ake ɗaukar abin da muhimmanci. Nasa ya wuce nan da nisa. An tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Mutane suna tsoron wannan tambayar, suna ganin kamar za a cusa wa mutum tunanin, alhali ba ta cusawa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ya ce ya sha fatan ya kwanta kada ya tashi, amma bai shirya komai ba. Duk da haka an sa yayansa ya kwashe maganin feshin auduga da ke ajiye a gidan, domin a yankin da ake noman auduga shi ne abin da ya fi kusa da hannu, kuma shan maganin ƙwari na cikin manyan hanyoyin da mutane ke hallaka kansu a duniya.

Tiramol ba a yanke shi rana ɗaya ba. Wanda jikinsa ya saba, in ya daina kwatsam zai sha ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da tsananin fargaba, yawanci ya koma. An riƙa rage masa sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Akwai kuma abin da dole iyali su sani: magungunan ciwon damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine ba sa jituwa da tiramol, haɗa su na iya jawo jijjiga ko abin da ya fi ta. Don haka ɓoye wa likita shan ƙwaya saboda kunya haɗari ne na gaske. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Kamaru ba su da yawa, akasarinsu kuma suna Yawunde da Duwala, amma irin wannan lamarin babban likita ko ma'aikacin jinya da ya sami horo yana iya riƙe shi.

Bayan mako biyar ya koma aiki, amma ba dare ba. Mako biyu na farko gashin rana kawai ya yi, awa huɗu, da mutum a kusa da shi. An roƙi Alhaji da shugaban aiki kada su tattauna ciwonsa da kowa. An kuma koya wa shugaban yadda zai buɗe magana in ya ga wani ya canja: ya ja shi gefe, ya ce, "Malam, na ga kwana biyu ba ka cikin walwala, ko akwai abin da ya dame ka a aikin nan?" sannan ya yi shiru ya saurara.

Abin da aka gyara a gidan

Da an tsaya a magani, da mutumin ya koma cikin abin da ya kayar da shi, ko kuma a ɗauki wani shi ma ya faɗi bayan shekara. Alhaji bai karɓi maganar lafiyar ƙwaƙwalwa da farko ba, lissafi ne ya shawo kansa. Albashin mai gashi na biyu sefa 70,000 ne, zubi uku da suka ƙone kuwa 75,000, kuma littafinsa ya nuna a watannin bazara ana asarar fiye da haka, ban da masu shayin da suka koma wani gidan saboda makara.

An ɗauki mai gashi na biyu. Mai dare yana yin kwana shida, awa 54. Mai rana yana yin awa huɗu sau shida, ya kuma riƙe daren da ɗan'uwansa ke hutu, awa 33 ke nan. Ranar hutun mai rana, wani daga cikin masu naɗi da aka koya wa gashi ne ke tsayawa. Suna musanya duk mako biyu, kuma ana yin musanyar ne bayan ranar hutu, don kada mutum ya fito daga dare ya faɗa rana ba barci. Awa 54 har yanzu ta wuce abin da doka ta ce, sai dai an fara biyan kuɗin ƙarin lokaci.

An soke yanka. A madadinsa an ajiye littafi a bakin tanderu: duk zubin da ya lalace a rubuta lokaci da dalili, wuta ce ta ɗauke, kwaɓi ne ya wuce, ko sakaci ne. Cikin wata biyu littafin ya nuna sakaci shi ne mafi ƙaranci. An sayi sabon ma'aunin zafi, an ware firji guda don ƙanƙara kaɗai, an kuma ba mai gashi ikon ya ce wa masu kwaɓi su jinkirta buhu na gaba in ya ga faranti sun taru. Wannan ikon bai ci ko sisi ba, kuma shi ne abin da masu gashin biyu suka fi yabawa. An ajiye randar ruwan sanyi kusa da tanderu, an sa hutun minti goma bayan kowane zubi huɗu. Albashi ya sami rana tsayayya, cikin kwana takwas na farkon wata kamar yadda doka ta tanada, bashin tsakiyar wata kuma aka ƙayyade shi kada ya wuce rubu'in albashi. An kuma ba ma'aikatan damar zaɓen wakili, suka zaɓi dattijon cikin masu kwaɓi, shi ke ganin Alhaji duk ranar Juma'a bayan masallaci.

Ba komai ne ya zauna ba. Da azumi ya zo, burodin sahur ya ƙaru, ranar hutu ta ɓace har bayan salla, sai da wakilin ya tayar da maganar aka dawo da ita. A shekarar azumi ya faɗo cikin zafi, saboda haka ya kamata a ɗauki ɗan taimako na wata ɗaya tun kafin watan ya kama, ba a yi ba. Shugaban aiki ya rage gori amma tsawar tana nan, musamman daren da Alhaji ya matsa masa. Rajistar ma'aikata a CNPS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasar, wadda da ita ce ƙunar hannun za ta shiga lissafin haɗarin wurin aiki, mutum tara kawai aka yi wa.

Masu babur takwas kuwa gyaran bai taɓa su ba. Alhaji yana ɗaukarsu 'yan kasuwa masu zaman kansu, ba ma'aikata ba, don haka duk burodin da ya kwana a hannunsu su ke biya, haka ma bashin da mai shayi ya ƙi biya. Suna fita ƙarfe huɗu da rabi na asuba, su dawo karɓar na yamma, su bi bashi har bayan isha'i. A hirar da aka yi da su, uku sun faɗa da bakinsu cewa suna shan tiramol, ɗaya daga cikinsu ma shi ne ya fara ba mai gashin. An ba da shawarar gidan ya riƙa karɓar kashi ɗaya cikin goma na burodin da ya kwana, a busar a sayar wa masu kiwo, a kuma raba unguwanni yadda kowa zai sami yini ɗaya a mako. Alhaji ya ce a bari sai farashin fulawa ya sauka.